Silin na Dubai, Ruwa na Ɗan Garuwa

Daga ƙarshen watan Nuwamba, in an kwashe masara an sussuke shinkafa, akwai wata cuta da take sauka a kudancin Kano tare da hunturu. Ba ruwanta da talaka tilis, ba ruwanta da attajirin da ya riga ya yi gida a birni. Mutumin tsakiya take kamawa, wanda ya kai buhunansa kasuwar Tudun Wada ko Dadin Kowa, ya dawo da kuɗi a asusu, ya tsaya tsakar gida ya riƙe ƙugu, ya dubi bangon da ya girma a cikinsa shekara 40, sai a ranar ya lura ashe bangon bai dace da shi ba. Alamar farko ita ce a ji ya ce, "Ɗan gyara kawai za a yi." Duk birkilan da ke tsakanin Bebeji da Riruwai ya san wannan magana, kuma ya san ita ce abincin gidansa har faɗuwar damina.

Dalili ba ya ƙarewa. Ko babban ɗa zai yi aure, ko maigida zai ƙara, ko an biya kujerar Makka ana son ’yan taryar Alhaji su ga sabon fenti. Amma dalilin da ya fi kowanne ƙarfi, wanda ba a faɗa, shi ne maƙwabci ya yi nasa bara.

Mai zanen gida ba ya cikin lissafi. Zanen yana cikin waya. Wani ƙane da ke aiki a Abuja ya turo hoton falo ta WhatsApp, yaran gida sun samo wani a TikTok, uwargida tana da nata da ta gani a fim. Sai a kira birkila, a zauna a kan tabarma, a miƙa masa waya.

"Irin wannan nake so, sak."

Birkila ya karɓa, ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya gyaɗa kai. "Ai wannan ba wani abu ba ne, Alhaji. Wanda muka yi a Abuja ya fi shi wuya."

Tun da aka fara buga bulo a ƙasar Kano ba a taɓa jin birkilan da ya ce bai iya ba, kuma kusan kowannensu ya taɓa aiki a Abuja. In aka tara duk waɗanda suka ce su suka gina ta, da birnin ya kai Lokoja. Hoton kuwa gidan wani ne a Dubai, a hawa na talatin, inda ba akuya, ba turmi, ba yara goma sha biyu, kuma wuta ba ta ƙyaftawa.

Abin da ake rushewa domin a kafa wannan hoto ba aikin banza ba ne. Maginan da suka ɗora tubali a kan tubali, suka jera azara, suka shafe bango da makuba, suka fitar da indararo domin ruwan soro ya zuba nesa da gindin gini, sun san ƙasar da suke gini a cikinta. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana ta hana shi shiga ɗaki, da dare kuma ta saki ɗumi a lokacin sanyi. Sana'a ce mai sarautarta, da Sarkin Magina da almajiransa, kuma ita ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 ba tare da buhun siminti ko ɗaya ba. Gaskiya ne ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, musamman a nan kudu inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa, kuma ba wanda zai ga laifin mutumin da ya gaji da kwaɓa ƙasa. Laifin yana wurin abin da ake zaɓa a madadinsa.

Zaure ne yake fara tafiya. A fasa shi, a kafa ƙaton get na ƙarfe mai zanen zinare, wanda mota za ta shiga, ko da abin hawan gidan babur ne. Daga nan baƙon da a da zai yi sallama ya zauna a inuwar zaure, yanzu sai ya tsaya a rana yana dukan ƙarfe da dutse, matan gida suna aiken yaro ya leƙa ta ƙasa ya ga ƙafar waye. Bayan zaure sai bishiyar tsakar gida, mangwaro ko darbejiya, domin wai ganyenta zai ɓata tayil. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa maki 40, za a tuna da ita.

Rufi kuwa iri biyu ne ake yayi. Akwai dogon nan mai tsini wanda ya fi ginin da ke ƙarƙashinsa tsawo, irin wanda mutanen Turai suke yi domin dusar ƙanƙara ta zame. Kuɗin katakonsa kaɗai ya isa ɗaki biyu, kuma ba mai amfana da sararin cikinsa sai jemage da ɓera. Akwai kuma ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwano, ruwa ya taru a wata kwata ta siminti ya fita ta fayif ɗaya. In birkila ya iya, yana da kyau. In bai iya ba, ko ganye ya toshe fayif ɗin a ruwan Agusta, ruwan zai nemi hanya da kansa, kuma hanyar da ya fi so ita ce tsakiyar falo. Taga ta koma ta gilashi mai duhu da ake turawa gefe, wadda ko an buɗe ta gaba ɗaya rabinta ne a buɗe.

Duk wannan ana yinsa ne da lissafin da aka yi a bayan kwalin sigari ko a dogon littafin ɗan makaranta, kuma lissafin ba ya kai mako uku. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gini suka daina zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ko na Dangote ne daga Obajana, ko na BUA daga Sakkwato, ko na Ashaka daga Gombe. Ga kuɗin mota. Mutumin Doguwa da ya sayi tayil da rodi a Kofar Ruwa, sai kayansa sun bi titin Zariya zuwa Kwanar Dangora, su karya kwana zuwa Tudun Wada, su ratsa dajin Falgore, tafiyar da ta wuce kilomita 100, kafin su sauka a ƙofar gidansa. Kwalin tayil ɗin da ya iso lafiya shi ne wanda aka ɗora a cinyar yaron mota.

To, in kuɗi ya fara ja da baya, dole a rage wani abu. A nan ne halin mutanenmu yake fitowa fili. Ba a taɓa get, ba a taɓa silin, ba a taɓa fentin waje. Abin da za a binne a cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, wanda baƙo ba zai gani ba, shi ake yanka: waya, fayif, sokawe, yawan siminti a bulo. Magina na ƙwarai suna cewa kada buhu ɗaya ya wuce bulo talatin na inci 9. A wasu gidajen bulo kuwa ana matsa wa buhu har ya haifi ninkin haka, sai ka ga lebura ya sauke bulo a hankali yana addu'a. Gida ya fito tsaf, kamar mutumin da ya sa babbar riga ta shadda ba wando.

Mai wayarin shi ne mutumin da ake tunawa da shi bayan an gama filasta, wani lokaci ma bayan fenti. Zai zo da guduma da kurfi, ya dubi bangon da aka kwana uku ana gogewa, ya ce, "Alhaji, ai da kun kira ni tun farko." Sannan ya fara sara. Birkila yana gefe yana kallo da fuskar tausayi, a zuci kuwa yana lissafin kuɗin cike ramukan. Mai fenti ma haka. Ba a taɓa jin ma'aikatan gini sun yi faɗa a kan wannan tsari ba, domin kowa yana cin aiki biyu.

Ƙa'idar waya ba boyayya ba ce. Ta fitila milimita 1.5, ta soket 2.5, ta hita da na'urar sanyaya ɗaki 4, kowane layi da abin da zai katse shi in nauyi ya yi yawa, sannan a binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da gida domin wutar da ta ɓata hanya ta bi ta can, kada ta bi ta jikin mai wanka. Wani abin mamaki, waya tana cikin ’yan kayan da na gida ya fi na waje suna: ta Cutix da ake yi a Nnewi, ko ta Coleman, masu wayarin suna yabonsu. Amma in aka je Sabon Gari aka ji farashi, sai mai shago ya sassauta murya ya ce akwai wata. Waccan ɗin an rubuta mata 2.5 a jiki, cikinta bai kai ba, wata ma alminiyam ce aka yi mata wankan jan ƙarfe. Alhaji ya auna a hannu, ya ga duk ja ne da baƙi, ya ce, "Wuta ai ba ta san tsada ba." Ta sani. Ranar da amarya ta haɗa dutsen guga da abin dafa ruwa a soket ɗaya, warin roba zai sanar da kowa. Akwai hukumar tarayya mai suna NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba irin wannan aiki, sai dai a yawancin gidajen karkara mai dubawa shi ne yaron da aka ce ya kunna a gani.

Wurin kafa soket ma da nasa labarin. Mai wayarin yana sa shi inda hannunsa ya kai. Ranar jere, dangin amarya su zo da gado da durowa da madubi, su jingina durowa daidai kan soket ɗaya tilo da ke ɗakin. Daga ranar wayar jona ce za ta ratsa ƙarƙashin kafet har abada. Makunnin fitilar banɗaki yana falo, na falo yana bayan ƙofa, akwai kuma guda ɗaya a baranda wanda har yau ba wanda ya gano abin da yake kunnawa.

Silin fa? POP, ba tambaya. Ana neman ’yan Togo ko ’yan Kwatano, domin su aka sani da hannu a wannan aiki. A yi hawa uku, a yi da'ira a tsakiya, a huda ramuka arba'in a cusa ƙananan ƙwayaye, a zagaye da igiyar fitila mai sauya launi daga shuɗi zuwa ja, a rataye fitila mai ’yan kunne a tsakiya, daidai wurin da fanka ya kamata ta zauna. Shi POP garin farar ƙasa ne, ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ga shi kuma a ƙarƙashin ɓoyayyen rufin nan da aka ambata.

Sai dai duk ƙwayayen nan arba'in suna jiran abu ɗaya. Tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, bisa alkawarin awa 20 a rana. Mutumin Tagwaye ko Maraku da ya ji labarin a rediyo bai yi fushi da ƙarin ba. Awa 20 ɗin ce ta tsaya masa a rai, ya yi ta tambaya ko a wata ake nufi. A Oktoban shekarar kuma, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, yawancin jihohin yankin suka shafe fiye da mako a duhu, ’yan birni suka ɗanɗana abin da ƙauye ya daɗe da sabawa da shi. Don haka gida ɗaya sai ya kasance da wuta uku: ta gwamnati, ta janareta, da ta sola, kowacce da wayarta, duk sun haɗu a wani akwati da ke bayan ƙofa, wanda mutum ɗaya ne a gidan ya san yadda ake juya shi, shi ma yana makarantar kwana. Da magariba, a ƙarƙashin silin ɗin Dubai, fitilar waya ce take haska kwanon tuwo.

Maganar ruwa ta fi ta wuta ban dariya, domin ruwan yana nan, ana ganinsa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an gina ta ne domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Yana bin magudana zuwa gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, yana bin kogi zuwa inda ake tace wa birnin Kano. Amma mutumin da zai iya hango madatsar daga gonarsa, in yana son shawa ta zubo a banɗakinsa, sai ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sayi sumo, ya sayi tanki, ya samo wutar da za ta tura ruwan sama. Ta wajen Riruwai, inda aka yi haƙar kuza tun zamanin da, ƙasar dutse ce zalla, injin haƙa yana iya cin kuɗin mutum ya fito masa da ƙura. Tankin lita 1,000 kuma in ya cika nauyinsa tan guda ne, abin da mai walda bai cika sawa a lissafi ba lokacin da yake haɗa ƙafafun da za su ɗauke shi.

Wannan bai hana a sa masan zama a kowane ɗaki ba. Ɗaki uku, banɗaki uku, har da na baƙi. Kowane ja ɗaya yana tafiya da lita 6 zuwa 9, wato jarkar ɗan garuwa mai lita 25 ba ta wuce ja uku ko huɗu. Uwargida ce take fara gane wannan lissafi, domin ita take biyan ɗan garuwa. Ba a yin wata biyu za a kafa doka: banɗakin falo na baƙi ne, baƙin ma sai na nesa. Kan shawa ya zama maratayin soso. Bahon wanka na tangaran, wanda aka ɗauko tun daga Kano mutum huɗu suna riƙe da shi a bayan mota, ya zama wurin tara ruwa, a wasu gidajen kuma wurin jiƙa wanki. Bokiti da buta, waɗanda aka yi duk wannan hidima domin a rabu da su, suna nan a kusurwa, ba su ce komai ba.

Hajiya tsohuwa, mahaifiyar maigida, tun ranar farko ta leƙa ta fito. "Ni ba zan yi a ɗakin da nake salla ba, kuma ba zan zauna a kujera kamar mai jiran likita ba. Ku bar mini nawa." Albarkacinta aka ƙyale tsohon masan da ke bayan gida, wanda Alhaji ya so a cike. A yau, da sassafe, layi ake yi a ƙofarsa, Alhaji ma yana ciki, yana duba waya kamar wucewa ya zo yi.

Falamba kuwa mutum ne mai imani da ƙaddara. Fayif na ƙazanta mai inci 4 yana son gangare, kamar faɗin tafin hannu a kowace mita huɗu, domin abin da ya shiga ya wuce. Shi da ido yake aunawa. Ƙa'ida ita ce a cika fayif da ruwa a bar shi ya kwana kafin a rufe, a ga ko akwai inda yake zuba. Amma ruwan gwajin ma sai an saya, mai tayil kuma yana tsaye yana cewa gobe yana da aiki a Kiru. Sai a rufe. Bayan wata uku bango ya fara gumi ta ɗakin maƙwabciya, fenti ya kumbura, a kira falamba ya kara kunne a tayil yana ƙwanƙwasawa.

"Ina ne yake zuba?"

"Ranka ya daɗe, sai an fasa za a sani."

A fasa nan, ba nan ba ne. A fasa can. In an gano an gyara, a tafi Kano neman irin tayil ɗin, mai shago ya ce wannan zanen ya ƙare tun bara. Shi ya sa a banɗakuna da yawa za a ga fari tas, sai guda huɗu masu furen kore a tsakiya. Tayil ɗin ƙasa ma mai sheƙi aka zaɓa, irin na bango, a gidan da ake alwala sau biyar a rana, kuma masu ɗori na yankin ba su taɓa kuka da wannan zaɓi ba.

Inda dariya take tsayawa shi ne sokawe. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya. Fulotin ƙafa 50 a 50 kuwa kowane gefensa mita 15 ne da ’yan kai. Wanda ya kula ya nisantar da ramin daga rijiyarsa, sau da yawa ya kai shi ne jikin katanga, taku uku daga rijiyar maƙwabci. Shi ma maƙwabcin haka ya yi.

Kicin na zamani an yi shi da durowowi har sama da dutse mai sheƙi, an sa murhun gas mai kai huɗu. Ana dafa shayi da indomi a ciki. Tuwon mutum ashirin ba ya tuƙuwa a kan gas, tukunyar ma ba za ta zauna ba, don haka duwatsu uku sun koma mazauninsu a tsakar gida, a kan sabon tayil, hayaƙi yana yi wa farin fenti ado. Turmi ya fasa guda biyu a makon farko, aka mayar da shi waje, ƙofar get.

A duk tsawon aikin akwai kwamitin da ba wanda ya naɗa. Abokan majalisa ne, suna zuwa bayan la'asar hannu a baya, suna zagayawa. Wannan ya ce ƙofa ta yi ƙasa, wancan ya ce a gidan surukinsa a Kaduna ba haka aka yi ba, na uku ya ce ai yanzu an daina yayin wannan launi. Ba wanda ya taɓa tambayar kaurin waya ko zurfin sokawe. Alhaji yana ji, washegari a rushe abin da aka gina jiya. Matan da za su wuni a cikin gidan ba a tambaye su ba sai a kan launin labule.

Ruwan farko yakan sauka aiki bai ƙare ba. Kuɗin masara ya tafi, ga taki yana jira. Birkila ya koma gona, wayar falamba a kashe, mai wayarin ya karɓi kuɗin ƙwayaye ya tafi Kano sayowa tun kafin azumi. Mai fenti ne kaɗai yake zuwa kullum, shi ma cikon kuɗinsa yake bi. Daga ƙarshe magana ta kai gaban mai unguwa: ma'aikata suna cewa Alhaji ya riƙe musu haƙƙi, Alhaji yana cewa a zo a ga ɗigar da ke falo. Mai unguwa ya taka har gidan, ya tsallake robobin da aka jera suna tarar ruwa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon silin. Ya yanke cewa a yi haƙuri da juna, a biya rabi yanzu, rabi in an yi kaka, birkila kuma ya hau ya toshe inda yake zuba. Kowa ya amsa, aka shafa fatiha. A bakin get ya ja Alhaji gefe, ya rage murya.

"Yaron nan da ya yi maka silin, turo mini lambarsa. Ni ma ɗan gyara nake son yi."